Ranar da Faldiela Ta Hana Hedimasta Tsuntsu na Ɗari Takwas

A Hangberg, unguwarmu ta masunta da ke kan tudu a bakin teku, ana cewa idon Faldiela na dama ba nata ba ne. Wai tana 'yar shekara tara ƙugiyar kamun kifi ta fizge mata shi, likita ya duba ko'ina bai sami na mutum ba, sai ya cire na wani tsuntsun teku da iska ta jefo kan rufin asibiti ya dasa mata. Wai shi ya sa ba ta ƙiftawa komai ƙarfin iska, kuma ko barci take yi idon nan a buɗe yake yana kallon kudu. Akwai wata tsohuwa a layinmu da ke rantsuwa cewa a gabanta Faldiela ta tsaya bakin tasha ta ce shinkafa tana ƙonewa a wani jirgi. Jirgin bai iso ba sai bayan kwana biyu, aka shiga aka tarar da tukunyar baƙa ƙirin.

To, ƙarya ce. Na san ƙarya ce domin ni na ƙaga ta, a wajen wani biki, shekara goma sha biyar da suka wuce, kuma har yau tana yawo a unguwa ba ta gaji ba. Shinkafar dai ba ni na ƙara ba, wannan ƙoƙarin tsohuwar ne. Idanun Faldiela duka biyu nata ne, irin na gidanmu, ƙanana, kamar na wanda aka tasa daga barci. Ba ta iya zura zare a allura sai da tabarau. Saƙon waya kuwa sai ta miƙe hannu iya tsawonsa, ta karkace kai, sannan ta ba wani ya karanta mata.

Ni ne Sedick, ɗan kawunta. Babana da mamanta ciki ɗaya suka fito, saboda haka tsokanarta gado ce a wurina. Aikina gadin motocin baƙi a tashar Hout Bay. A kan bango nake wuni, ni da fararen tsuntsayen nan masu baƙin baya da ke kwaroroto suna fizge soyayyen dankali daga hannun mutane. Daga nan nake ganin fitar kowane jirgi da dawowarsa, kuma abin da ban gani ba ana kawo mini har inda nake.

Faldiela ita ce ta uku cikin 'ya'ya bakwai na wani mai kamun kifin snoek. Ta bar makaranta a aji takwas, ni na bari a aji bakwai, kuma har gobe ba ta bari na manta da wannan ajin guda ba. Shekara goma sha huɗu ta yi tana fiɗar kifi a masana'anta, tsaye cikin takalmin roba, ta fiɗe kifin da in an jera shi zai kai Makka ya dawo. Da aka kawo injin da ke yin aikin mata ashirin sai aka sallami mata ashirin, tana cikinsu. Mijinta Riedwaan direban motar burodi ne, mutumin kirki, mai tsoron ruwa. Ko baho ba ya cikawa.

A lokacin ne Oom Stoffel, wato Baba Stoffel, tsohon masunci mai ɗan madaidaicin jirgi, ya gano cewa akwai mutanen da za su biya a kai su mil talatin cikin teku ranar Asabar, su yi amai, su kalli tsuntsaye, su dawo suna godiya. Sai dai tsuntsun teku ba ya zuwa don an kira shi. Dole a zuba masa abin da hancinsa zai jiyo daga nesa: hanjin kifi, kawuna, man kifi, da gugguru don ya yi ta yawo a saman ruwa. Ana barin haɗin ya yi kwana biyu a durom cikin rana. Maza uku suka gwada aikin zuba shi. Na farko ya suma, na biyu ya koma sayar da inshora, na uku kuwa har yau ba ya cin kifi. Faldiela ta buɗe murfin, ta sunsuna, ta ce man kifin bai ji ba.

Shekara goma sha tara ke nan tana zaune a bayan jirgin nan a kan wani akwatin katako, durom a gefe, dogon ludayi a hannu. Tsuntsaye suna zuwa mata dab, har za ta iya gyara musu ɗaurin kallabi in da suna ɗaurawa.

Cikinsu akwai wasu da littafi ke kira shearwater. Mu wanzamai muke ce musu, domin haka suke bin fuskar ruwa a karkace, tsinin fiffike yana shafar igiya kamar aska a kan ƙeya. Iri-iri ne, amma duk launin ƙasa ne da toka, duk girmansu kusan ɗaya, kuma babu mai tsayawa a kalle shi. Ga jirgi yana hawa yana sauka, ga ruwan gishiri a kan madubin hangen nesa, ga karin kumallo yana neman hanyar fita. Na ga manyan mutane masu digiri sun sauko suna gardama a kan tsuntsu guda, ba su daina ba har suka shiga mota, kuma wannan ne kawai lokacin da suke manta sallamar mai gadi.

Faldiela ba ta taɓa buɗe littafin ba. Danginmu ta raba wa wanzaman.

Baƙin tsuntsun nan mai gaggawa, wanda ke kaɗa fiffike sau uku sau huɗu da sauri sannan ya sulale, hammatarsa tana walƙiya kamar farar singileti, shi ne Boeta Gasant, yayanta, wanda bai taɓa zama ya gama shayi ba. Mai baƙar hula da farin wuya, da ɗan dabbare a ciki kamar miya ta ɗiga a farar jallabiya, Hadji Taliep ne. Babbar nan mai ruwan ƙasa-ƙasa da rawayan baki, wadda ke tafiya a hankali da fiffike a lanƙwashe kamar mai zuwa walima da ta san an ajiye mata nata, ita ce Antie Rugaya. Littafi yana ce mata Cory.

Matsalar ita ce Antie Rugaya tana da 'ya, Shanaaz, a gida da kuma a teku. Fuska ɗaya, tafiya ɗaya. In sun juya baya ko mijin Shanaaz sai ya yi sallama tukuna ya ji murya. A teku littafi yana ce wa 'yar Scopoli, kuma ba ta cika zuwa ba. Ta ɗan fi uwar siranta, bakinta ya ɗan fi tsukewa, amma babbar shaida tana ƙarƙashin fiffike. Duk su biyun fari ne a nan. Uwar ta sha baƙin lalle tun daga yatsu har wuyan hannu. 'Yar kuwa farin ya zarce cikin yatsu, lallen a ƙumba kawai ya tsaya. Wannan kake son gani cikin ƙiftawar ido, daga nisan filin ƙwallo, kana riƙe da ƙarfe don kada ka faɗa ruwa.

Da Antie Rugaya ta gida ta ji labari ta yi azumi guda ba ta yi wa Faldiela magana ba. Daga baya aka gaya mata cewa tsuntsuwar daga ƙetare take zuwa duk shekara, kuma mutane suna biyan kuɗin jirgin sama don su gan ta. Ta huce.

Bara sai Oom Stoffel ya ɗauki sabon mai nuna tsuntsaye, Gareth, mutum mai fara'a da kyamara mai tsawon hannun jariri. Ya san aikinsa, ba zan yi masa ƙarya ba. Amma ya zo da shawara. Ya ce yanzu ana sayar da haɗin a daskare, dunƙulen ƙanƙara, a ɗaura shi a bayan jirgi ya yi ta narkewa shi kaɗai. Ba wari, ba durom, ba ludayi. Inda akwatin Faldiela yake kuwa baƙo ɗaya zai zauna. Bai faɗi ɗaya dalilin ba, amma kowa ya sani: duk lokacin da ya kira sunan tsuntsu da ƙarfi, yana jin wata murya daga baya tana cewa a hankali, "Gasant ne," ko "Hadji ne," kuma baƙi sun fara waiwayawa.

Wata Alhamis ta watan Fabrairu Oom Stoffel ya same ta tana motsa durom. Ya tsaya ta inda iska ba ta kawo masa.

"Faldiela, kin ji maganar ƙanƙara."

"Na ji, Oom. Har kuɗinta na ji."

"Ban yanke ba tukuna. Asabar ɗin nan akwai babban baƙo. Ki zuba, ki yi shiru. In kowa ya sauka yana murna, na san abin da zan gaya wa Gareth. In kuwa aka sauka ana kumbure-kumbure, ba ni da bakin magana."

"Yaushe na taɓa surutu?"

"Ba surutu kike yi ba. Kalma biyu kike faɗa, ta lalata wa mutum wuni."

Ta ci gaba da motsawa. Na san abin da ke ranta, domin ta taɓa gaya mini sau ɗaya, bisa kuskure. Ta ce Asabar ce kaɗai ranar da babu mai cewa Tietie, wato Yaya, ina makulli, Mama ina safata, Faldiela zo ki riƙe mini jika. A can waya ba ta shiga. Ta ce ko gwiwarta ba ta ciwo in ƙasa ta ɓace. Ba ta sake faɗa ba, ni ma ban tsokane ta a kai ba, sai yanzu.

Babban baƙon shi ne Mista Moloi, tsohon hedimasta daga Harrismith, ɗan shekara saba'in da ɗaya. Kwana biyu ya yi yana tuƙi. Ni na nuna masa wurin ajiye mota. Ya fito da lakataye, ya ɗora rigar ceto a kanta, ya gyara wuya. A aljihunsa akwai ɗan littafi mai baƙar fata da jan biro irin na gyaran jarrabawa. Shekara arba'in yana rubuta kowane irin tsuntsu da ya gani da idonsa a wannan yanki na duniya, kuma ya kai ɗari bakwai da casa'in da tara. Sau biyu yana zuwa neman Shanaaz yana komawa hannu rabbana.

Masu wannan harka suna da doka guda: abin da idonka ya gani ka rubuta, abin da bai gani ba ka bari. Babu ɗan sanda, babu alƙali. Jirgin Oom Stoffel kuma yana da tasa al'adar. In wani ya cika ɗari, ko wace ɗari ce, ana danna ƙaho sau uku, a buɗe kwalin koesister, fankenmu mai kwakwa da zaƙi, kowa ya ɗauka. Ranar, kwalin yana ƙarƙashin kujerar matuƙi, kuma Faldiela ce ta soya.

Suka fita bayan asuba. Suka wuce Cape Point, ruwa ya sauya daga kore zuwa shuɗi, ƙasa ta ɓace. Wajen ƙarfe goma suka sami wani babban jirgin taru yana jan kamunsa, tsuntsaye a bayansa sun kai miliyan. Oom Stoffel ya ce dubu uku ne, amma shi ba shi da hangen nesa. Faldiela ta buɗe durom, baƙi biyu suka koma gaba da sauri, ta fara zuba.

Boeta Gasant ya zo da gaggawarsa, ɗaruruwa. Hadji Taliep ya wuce da miyarsa. Antie Rugaya ta zo, ta tafi, ta dawo. Mista Moloi yana tsaye ƙafa a ware, madubi a ido, bai ko kalli manyan tsuntsayen da sauran ke ta ɗauka hoto ba.

Can sai wata ta taso daga dama, ta karkata, rana ta daki ƙarƙashin fiffikenta ya yi fari fat har ƙarshe.

"Scopoli," in ji Gareth. "Dama da ku, ga ta nan tana hawa. Mista Moloi, kana kanta?"

"Ina kanta."

Ya bi ta da madubi har ta shige bayan igiya. Ya sauke. Ya ciro littafi, ya cire murfin jan biro da haƙori, ya rubuta a hankali duk da rawar jirgi. Oom Stoffel ya danna ƙaho sau uku, har mutanen jirgin taru suka ɗaga hannu. Aka buɗe kwali. Wata mata daga Durban ta rungume hedimasta, shi kuma ya cire tabarau yana gogewa, wai ruwan gishiri ne.

Faldiela ta ga tsuntsuwar tun kafin Gareth. Ta gan ta lokacin da rana ta dake ta, ta kuma gan ta bayan nan, da ta juya cikin inuwar igiya. Ta kalli tsohon yana goge ido. Ta kalli ƙeyar Oom Stoffel. Ta ɗebo ludayi guda ta zuba, ta ɗebo na biyu ta zuba. Ta ce mini ta yi niyyar kaiwa goma, in ta kai goma maganar ta wuce. A na huɗu bakinta ya buɗe.

"Uwar ce."

Ba da ƙarfi ta faɗa ba, amma injin yana kashe.

"Faldiela," in ji Oom Stoffel, bai waiwayo ba. "Ludayinki."

"Yana hannuna, Oom."

Mista Moloi ya maida tabarau. Ya tako har bayan jirgi, inda babu baƙon da ke zuwa da son ransa, ya tsaya kusa da durom.

"Mme, me kika ce?" Mme kiran girmamawa ne ga mace a yarensu, kamar yadda mu muke ce wa namiji Meneer.

"Na ce uwar ce, Meneer. Wadda kuke ce wa Cory. Rana ce ta wanke mata hannu. Da ta juya na ga lallenta har wuyan hannu. Ga kaurin baki. Ga nauyin jiki, kamar ta ci na mutum biyu."

"Kin tabbata?"

"Shekara goma sha tara ina ba ta abinci."

Matar Durban ta ce ta ɗauki hotuna. Aka taru a kan kyamararta, aka yi mata inuwa da hula. Hoto na farko fari fat. Na biyu ruwa ne kawai. Na uku tsuntsuwar ta juya, ga hannu baƙi, ba ko ɗigon fari a yatsu. Gareth ya daɗe yana kallo, ya matso da hoton, ya mayar. Kunnuwansa suka yi ja.

"Cory ce," ya ce. "Kuskurena ne. Ka yi haƙuri, Mista Moloi."

Hedimasta ya sa hannu a aljihu. Ya buɗe littafin, ya ɗora katin banki a kan layin don ya miƙe, ya ja jan biro a kan abin da ya rubuta. Ya rufe kwalin koesister da kansa. Wani baƙo da ya riga ya gatsa nasa ya tsaya da shi a baki, ya rasa ko haɗiyewa zai yi ko mayarwa. Ƙaho kuwa an riga an danna, ba a tsotse shi a mayar.

Bayan azahar iskar kudu maso gabas ta taso, Oom Stoffel ya juya kan jirgi gida. Igiya ta fara ɗaga su tana jefarwa, kuma cikin da ya jure tun safe ya ce ya gaji. Mista Moloi ya durƙusa. Faldiela ta tura masa shuɗin bokitinta da ƙafa, ya rungume shi, ya tura kai ciki har kunne.

A daidai nan ta ga wata tana tahowa ta bayan jirgi, ƙasa-ƙasa, gajimare ya rufe rana. Siririya. Ta karkata dab da ludayi, farin ya zarce har cikin yatsu.

"Ga 'yar," in ji Faldiela.

Wannan karon ba wanda ya yi gardama. Kyamarar Gareth ta yi ta ƙara kamar keken ɗinki. Shanaaz ta zaga, ta dawo, ta sake nuna hannu kamar amarya. Faldiela ta saki ludayi, abin da ba ta taɓa yi ba, ta kama wuyan rigar ceton hedimasta ta ɗago shi.

"Meneer, buɗe ido. Hagu."

Ya ɗago. Amma tabaransa suna cikin bokiti, idanunsa cike da hawaye, kuma kafin ya gane ina ne hagu wata igiya ta sake mayar da kansa inda ya fito. Da ya ɗago na biyu, teku ce kawai.

Gareth ya durƙusa kusa da shi. Tausayi ne ya kama shi, ba wani abu ba.

"Ai ka ɗago, Mista Moloi. Ta gifta ta gabanka. Dole ka ga wani abu ya wuce."

"Kamar na ga wani abu," in ji tsohon, a galabaice. Hannunsa ya tafi aljihu, ya tsaya. Ya juya wajen Faldiela. "Mme, ke kike riƙe da ni. Na gani?"

Yanzu kam Oom Stoffel ya waiwayo. Ya kalle ta, hannunsa a kan ƙaho. Duk jirgin ita yake kallo. In ta gyaɗa kai kawai, a danna ƙaho, a ci fanke, kowa ya sauka yana murna, akwatinta ya zauna a inda yake.

"Gindin bokiti ka gani, Meneer," ta ce. "Shuɗi ne."

Ina kan bango suka shigo. Ban taɓa ganin mutane goma sha biyu sun sauko daga jirgi shiru haka ba, sai ka ce gawa suka raka. Mista Moloi ya wuce ni da lakataye a karkace, ya shiga mota, ya daɗe bai tayar ba. Oom Stoffel ya ɗaure igiya, ya sake ɗaure ta, sannan ya ce wa Faldiela ta tafi da ludayinta gida, kada ya yi tsatsa. Ludayin roba ne. Ta wanke durom tas, ta kife shi, ta saɓa ludayi ta hau tudu.

Kwana huɗu Riedwaan ya sha wahala. Ta wanke labule, ta sake wanke su. Ta jera masa safa bisa launi. Ya ce ya same ta a taga tana kallon tantabaru tana motsa baki, da ya tambaya ta ce ba su da amfani, duk sun yi kama da danginsa.

Ranar Alhamis da hantsi aka ga Oom Stoffel yana hawa matakalan Hangberg, abin da bai yi ba cikin shekara goma. Sau uku ya huta. Na bar motoci a hannun Allah na bi shi, domin irin wannan ba a jin sa a bakin wani. Ya same ta tana suya. Ya cire hula. Ta nuna masa kujera, ta ci gaba da suya har ta gama kasko biyu.

"Hedimastan nan bai koma ba," ya ce. "Yana wajen ƙanwar matarsa a unguwar Langa. Ya kama wuri Asabar ɗin nan, da ta gaba, da duk wadda ta biyo baya, har tsuntsayen su koma arewa."

"Allah ya ba shi sa'a."

"Ya ce da sharaɗi. Ya ce in matar ludayi ba ta cikin jirgi, shi ma ba ya ciki. Ya ce shekara talatin yana neman malamin da zai iya kayar da ɗan shugaban hukumar makaranta a jarrabawa bai samu ba, sai a bayan jirgina."

"Ƙanƙarar fa, Oom?"

"Ƙanƙara ba ta magana."

"Ai na ɗauka shi ya sa kuke son ta."

Ya murza hula. Ya ce Gareth ma ya ce a gaishe ta, kuma yana tambaya ko za ta nuna masa yadda take gane nauyin jiki daga nesa. Ta ce ya zo walima gidan Antie Rugaya ya zauna kusa da ƙofa, zai gane. Sannan ta zuba wa Oom Stoffel shayi, wanda a gidanmu shi ne sa hannu.

Sai a Asabar ta biyar Mista Moloi ya ga Shanaaz. Ya bi ta da madubi har ta ɓace, ya sauke, bai taɓa aljihu ba. Ya juya baya. Oom Stoffel ma ya juya, hannu a kan ƙaho. Gareth, wanda shi ya fara kiran sunan, shi ma ya juya. Faldiela ta gama zuba wanda ke hannunta, sannan ta ɗaga ludayi sama. Aka danna. Tun daga ranar, a jirgin nan ba a taɓa ƙaho sai ludayi ya tashi, kuma na ji ana cewa labarin ya kai har ƙasashen da ba su da teku.

Shekaranjiya ta sauko daga jirgi, na tare ta a bakin bango.

"Tietie, an ce yanzu har daga Ingila ake aiko miki da hotuna ki sa albarka. Ki yi hankali da idon nan, kada mai shi ya dawo ya karɓa."

Ta wuce. Na bi ta.

"To ni fa? Kin ba Gasant tsuntsu, kin ba Hadji, har Shanaaz da ba ta gaishe ki. Ni ɗan kawunki guda, ko ɗan ƙaramin wanzami ba ki ba ni ba."

Ta ajiye bokiti. Ta nuna bango da ludayi, inda ɗaya daga cikin fararen nan masu baƙin baya yake tsaye da dankalin wani a baki, yana kwaroroto ta gefe.

"Kai na fara raɗa wa suna, Sedick, tun makon farko. Ga ka can. Yana da fiffike, yana da ƙafar iyo, teku tana gabansa, amma ko sau ɗaya ban taɓa haɗuwa da shi a can ba. Sai na dawo in tarar ya riga ni ba da labari."